Babi na Bakwai: Kube da Hamila a Hanyar Gwanja

A shekarar 1826 Baturen nan na Birtaniya, Kilafaton, ya sauka a Kayama ta ƙasar Bargu a kan hanyarsa ta zuwa Sakkwato, ya tarar da ayarin Hausawa da ya taso daga Gwanja ya doshi gida. Mutanen ayarin, maza da mata, sun kai dubu, dabbobin kaya ma kusan haka, galibin kayan kuwa goro ne. Mai karanta wannan labari yakan tsaya a kan yawan jama'ar, ko a kan dukiyar da ke bisa jakuna. Ni abin da ya fi jan hankalina shi ne wanda baƙon ba zai iya ƙirgawa ba, domin ba a fili yake ba, wato ƙarfen da ke ƙarƙashin riguna.

Hanyar goro ba ɗaya ba ce, amma wadda ta shafe mu a nan ita ce ta tsakiyar Bargu. Ayari ya tashi daga Kano ko Sakkwato, ya haye Kwara ta wajen Ilo ko ta wajen Yawuri da Busa, ya faɗa Nikki, daga nan Paraku, sai Jugu, wanda Faransawa ke rubutawa Djougou a taswira. Daga Jugu a ratsa ƙasar da yau ake kira Togo, ta Kotokoli ko ta Sansanin Mango, har a dangana da kasuwar Salaga ta Gwanja. Ana tafiya da kanwa da jar fata da tufafin rini da gabu, a dawo da huhunan goro, kuma zuwa da dawowa kan ci watanni, wani lokaci shekara. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka yi fice a wannan fatauci, kuma cikin gidan Agalawa na Bebeji aka haifi Alhassan Ɗantata a 1877. Paraku da Jugu sun girma ne da ciyar da waɗannan baƙi da saukar da su. A Jugu sarki yana Kilir, 'yan kasuwa Musulmi suna unguwar Wangara. A Paraku ma zango daban yake da unguwar sarautar Akpaki. Har yau Dandanci ne harshen kasuwa a garuruwan biyu, Hausa na biye da shi a zango da tasha.

Tsakanin wannan zango da wancan, daji ne, kuma dajin Bargu ya yi ƙaurin suna. 'Ya'yan sarakunan ƙasar, waɗanda ake kira Wasangari, mahaya ne da ke rayuwa da kyauta da ganima, wanda bai sami sarauta ba sau da yawa hanya ce gonarsa. Maharban ƙasar kuma sun san dafin kwankwani. Ko Bature Lugga, da ya zo Nikki a 1894 yana tsere da Faransawa wajen ƙulla yarjejeniya da sarkin garin, bai fita Bargu lafiya ba, kibiya ta same shi a ka, da ƙyar ya sha. To, wanda ya zo da sojoji ke nan, balle mai jaki huɗu da bashin ubangida a wuyansa.

Saboda haka falke ba ya tafiya hannu rabbana. Sai dai matsalarsa daban take da ta mayaƙi. Mayaƙi ya fito ne don yaƙi, mashinsa na hannu tun daga ƙofar gari. Falke kuwa hannuwansa biyu suna da aiki: igiyar jaki, gyaran mangala, tallafar kayan da suka karkace, yayyafa wa goro ruwa. Ban da haka, duk maraice baƙo ne a garin wani. Zai durƙusa gaban mai karɓar fito, zai gaida mai masauki, zai shiga masallaci. Mutumin da ya shigo gari da tsirarar ƙarfe ya zagi masu garin tun bai buɗe baki ba, kuma fatake Musulmi ne da suka ji daga malamansu cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana miƙa takobi a zare, ya kuma umarci mai ratsa masallaci ko kasuwa da kibau ya riƙe tsininsu kada ya ji wa wani. Makamin falke dole ya kwanta inda ido ba ya kai, ya zauna daram komai tsawon tafiya, amma ranar da aka neme shi ya amsa nan take. Maƙeri ba ya warware wannan. Aikin baduku ne.

Mu fara da takobi, tun da shi ne babba. Takobin ƙasar Hausa miƙaƙƙe ne mai kaifi biyu, ɗan uwan na Buzaye, kuma ba a ɗaura shi a ƙugu irin na sojan Turawa. A kafaɗa ake rataye shi da hamila, ya kwanta a ƙarƙashin hammatar hagu, ƙotarsa na duban gaba. Kubensa fata ne da aka ƙarfafa, da zobba biyu inda hamila ke kamawa, mai hali kuma yakan sa a yi masa baki da gindi na tagulla don kada tsini ya huda ya fito. Wannan rataye yana da hikima. Mai hawa ba ya jin takobi na dukan cinyar doki, mai tafiya a ƙasa ba ya harɗe shi, wanda ya zo zama kuma sai ya jawo shi bisa cinya. Idan aka zuba babbar riga a kai, sai wanda ya sani zai gane. Gajartar hamila ko tsawonta ba ado ba ne. In ta yi tsawo, kube na lilo, hannu ya tafi nema ya tarar ƙota ta koma baya. In ta gajarta ƙwarai, ƙota ta shige hammata, ba wurin jan takobi har ya ƙare fita. Masu abin suna son ta inda gwiwar hannun hagu za ta iya danne kube ba tare da an sunkuya ba, domin kuben da ke rataye bin takobi yake yi in an ja, sai an riƙe shi.

Amma takobi kayan madugu ne da manyan fatake. Abin da ya fi yawa a ayari ƙaramin ƙarfe ne, kuma a nan ne aka fi nuna gwaninta. Daga Azbin har Barno an san wuƙar da ake sa wa hannu. Kubenta na da zoben fata a jikinsa wanda ake zura hannun hagu a ciki. Buzaye sukan kwantar da ita a cikin sangalin hannu, ƙota na wajen wuyan hannu, tsini na duban gwiwa. Mutanen gabas, Barebari da Tubawa, sun fi kai ta sama, a damtse. Ko ta wace hanya, hannun riga ya rufe ta, hannun dama kuma ya san inda take ko cikin duhu, domin ba ta matsawa daga inda aka sa ta. Mutum na iya ɗaure kaya, ya yi ciniki, ya kwanta barci da ita. A ganina, cikin duk dabarun ɓoye makami da aka yi a wannan yanki, babu wadda ta kai wannan, saboda ta warware abin da ya fi wuya: kube ya zama wani sashe na jiki, ba ya buƙatar a riƙe shi kafin a ja.

Mutanen Bargu da maƙwabtansu na arewacin Togo sun bi wata hanyar. Maharbansu na da wata wuƙa mai ƙota kamar zobe, wadda ake zura tafin hannu a ciki, ƙarfen ya zagaye hannu, kaifin ya fito ta gefe. Da ita a hannu maharbi ke jan tsirkiya, in abokin gaba ya matso har baka ya daina amfani, wuƙa na nan tuni, babu maganar zarewa. Ana ganin irinta a gidajen adana kayan tarihi na Turai. Wannan kayan wanda ya fito nema ne, ba na baƙo mai shiga kasuwa ba, kuma bambancin nan kaɗai ya isa ya nuna wa mutum wane ne ke jiran wani a hanya.

Yanzu a zo ga yadda ake yin kuben, domin sana'ar ba ta mutu ba. Duk inda akwai mahauta da makiyaya da mafarauta, akwai mai yi musu kube, kuma Paraku da Jugu ba su rasa ko ɗaya cikin ukun ba. Baduku na gari ba ya ɗinka kube sai wuƙar na gabansa. Zai ɗora ta bisa fata, ya zana gefenta, ya bar sarari kaɗan, ya yanka. Ciki ƙirgi ne ko wata fata mai tauri, wadda za ta ɗauki kaifi. Waje kuma jar fatar akuya ce da aka jeme da bagaruwa aka rina da karan dafi, ita ce mai ɗaukar ado. Yakan jiƙa ta ciki ta yi laushi, ya naɗe ta a jikin wuƙar, ya bi ta da ɗan yatsa yana dannawa a wuyan ƙota har fatar ta ɗauki siffar ƙarfen, sa'an nan ya huda da basilla ya ɗinke. Inda ɗinkin ya bi shi ne sirrin. Gwani yakan kai shi bayan kube ko ta wajen gadon wuƙa, in kuwa dole ya bi ta wajen kaifi, sai ya sa wani siririn yanki na fata a tsakani don kaifi ya ci fata, kada ya ci zare. Daga nan a bar shi ya bushe a inuwa. Wanda ya shanya a rana don sauri, fatar ta ƙanƙance ta tsage.

In mai saye ya matsa, amsar da yakan ji ba ta wuce, "Alhaji, ka yi haƙuri zuwa jibi, in na ba ka shi ɗanye, kai za ka dawo kana zagina." Da gaskiyarsa.

Mai zaɓen kube a kasuwa, inda aka riga aka ɗinka aka rataye, yakan ruɗu da tuntu da zane da launi. Waɗanda suka san abin ba nan suke duba ba. Sukan sa wuƙar, su kifa kuben baki ƙasa, su girgiza a hankali: in ta zame ta faɗo, an bar shi. Sukan kuma ja ta da yatsu biyu: in sai an yi kokawa, shi ma an bar shi, ko da yake sabon kube kamar sabon takalmi ne, yakan ɗan saki in an yi kwana biyu ana sawa, saboda haka wanda ya ɗan matse ya fi wanda ya yi sako-sako. Sai a matsa bakinsa da yatsa a gani ko yana komawa a buɗe bayan an fitar da wuƙa. Bakin da ke rufewa shi ke sa mutum ya kai ɗan yatsan hagu yana buɗewa lokacin mayarwa, kuma a nan ne mahauta da yaransu sukan yanki hannu. Sai gindi: a danna wuƙar har ƙarshe, a shafa a ji ko tsini na neman fitowa. Kuben da aka soke a ɗamara ya huda yana iya buɗe cinyar mai shi ranar da ya yi tsalle ya hau babur. Abu na ƙarshe shi ne zurfi. Ya kamata kube ya haɗiye kaifi duka har ya ɗan hau ƙota, amma ya bar abin da hannu zai kama cikakken kamu tun farko. Wanda ya fizgo wuƙa da yatsu uku sa'an nan ya tsaya gyara riƙo, gara ma bai fizgo ba.

Akwai kuma maganar damina, wadda mutumin Kano ko Maraɗi kan manta. Ruwan Paraku da Jugu ya fi na ƙasar Hausa nesa ba kusa ba, fata na shan danshi, ƙarfe ya yi tsatsa a ciki ya manne. Takobin da ya yi wata uku a kube ba a duba shi ba yana iya ƙin fita sam. Shi ya sa tsofaffi ke fitar da ƙarfe lokaci lokaci, su goge, su shafa masa man kaɗanya kaɗan, wanda ƙasar ke da shi a wadace, su bar kuben ya sha iska.

Saurin zarewa kuwa, kowa na son labarinsa, amma kaɗan ne ke son yadda ake samunsa. Babban abokin gaban mai ɓoye makami rigarsa ce. Babbar riga da ta rufe takobi ita ce kuma ke kama ƙota, ta naɗe hannu. Duk wanda ya lura da mahaya a hawan salla, ko a bikin Gani na Nikki inda dawakin Bargu ke taruwa kowace shekara, ya ga yadda suke naɗe hannun riga bisa kafaɗa tun kafin a zaburi doki. Aikin hawa-hawa ne: a kawar da tufa, a kama ƙota sosai, a danne kube, a ja ta hanyar da kaifi ba zai bi ta kan hannun hagu ko jikin mai ja ba. Wanda ya tsallake hawa ɗaya don sauri, ko dai ya fito da riga a hannu, ko ya yanki kansa. Hanyar koyo ɗaya ce ko'ina a duniya: a yi a hankali, da abin da ba shi da kaifi, sau da yawa, cikin kayan da aka saba sawa, a tsaye da a zaune, har hannu ya daina tambayar ido. Sannu ba ta hana zuwa. Ka dubi tsohon mahauci a kasuwar Arzeke ta Paraku yana magana da mai sayen nama, hannunsa ya tafi ya ɗauko wuƙa ya yanka ya ajiye, idonsa bai bar fuskar mai saye ba. Bai taɓa zama ya koyi sauri ba, shekaru ne suka ba shi. Japanawa sun mayar da wannan fanni guda mai zaman kansa da suke kira iyaido, inda ɗalibi ke shekaru yana koyon zare takobi da mayar da shi, kuma mayarwar na cin lokacinsa kamar zarewar.

Kakanninmu sun san inda lagon yake, shaida kuwa tana cikin layunsu. Ban da maganin tauri da kau-da-bara, akwai sagau, wanda aka ce yana sa hannun abokin faɗa ya sage lokacin da ya ɗaga. Ba na cikin masu dogara da laya, kuma ba na ba kowa shawarar ya gwada ƙarfe a jikinsa saboda an ba shi wani abu ya sha. Amma wanda ya ƙago sagau ya ga wani abu na gaskiya: tsoro na kashe hannu. Mutumin da ke zare wuƙa kamar walƙiya a tsakar gidansa yana iya kasa samun ƙotar ranar da aka yi masa tsawa cikin dare.

Wannan tsohuwar matsala ita ce yau ta zama babbar kasuwa a Amurka, sai dai da ƙaramar bindiga a madadin wuƙa. A can kowace jiha cikin 50 ta yarda farar hula ya ɗauki bindiga a ɓoye bisa wasu sharuɗɗa, jihar Ilinoi ce ta ƙarshe a 2013, kuma a 2022 kotun ƙolin ƙasar ta ƙara faɗaɗa wannan dama. Kamfanoni na ƙera kuben bindiga da fata ko da wata roba mai tauri da ake kira Kydex, wadda ake gasawa ta ɗauki siffar bindigar, daidai yadda baduku ke yi da jiƙaƙƙiyar fata. Abin da masu koyarwa a can ke faɗa wa mai saye zai ba badukun zango dariya, don ya riga ya sani: kube ya zama na wannan bindigar ce ba na kowace ba, ya riƙe ta ko an kifa, ya zauna a ɗamara kada ya biyo ta, bakinsa ya tsaya a buɗe. Sun ƙara ɗaya da wuƙa ba ta buƙata, wato ya rufe kunama ruf, kada yatsa ko gefen riga ya shiga. Suna kuma nanata cewa a yi atisaye da bindigar da aka tabbatar babu harsashi a ciki, kuma kada a yi gaggawar mayarwa, domin mutane da yawa sun harbi cinyarsu a daidai wannan lokaci.

Daga can ne kuma aka sami wani awo da ya kamata duk mai alfahari da saurin hannu ya sani. A 1983 wani ɗan sandan birnin Solt Lek mai suna Denis Tula ya wallafa abin da ya gwada: lafiyayyen mutum da wuƙa a hannu yana iya cinye tazarar ƙafa 21, wato mita 6 da 'yan kai, cikin kimanin sakan ɗaya da rabi, kuma kusan lokacin ke nan da ɗan sanda mai horo ke buƙata ya zaro bindiga ya harba. Ma'ana, wanda ya riga ya yi niyya yana gaban wanda zai mayar da martani, ko da na biyun ya fi shi makami. Maharbin Bargu mai wuƙar zobe bai san sakan ba, amma a kan wannan lissafi ya ƙera kayansa.

A Benin da Nijeriya da Nijar, maganar kuben bindiga ga farar hula ba ta ma taso ba, kuma gara a faɗe ta a fili, tun da matasa na kallon waɗannan abubuwa a YouTube da TikTok. Tun yarjejeniyar Burasal ta 1890 Turawa suka taƙaita shigo da bindigogin zamani ga 'yan Afirka, bayan an raba Bargu tsakanin Ingila da Faransa a 1898 kuma kowanne ya shiga kwance ɗamarar mutanen ɓangarensa, musamman Faransawa bayan tawayen Biyo Gera na 1916, wanda mutum-mutuminsa bisa doki ke tsaye yau a Paraku. Ƙasashen da suka sami 'yanci sun gaji wannan tsari. A Nijeriya dokar bindigogi ta 1959 ta sa ƙaramar bindiga cikin jerin waɗanda sai da lasisin shugaban ƙasa. Yarjejeniyar ƙungiyar ECOWAS, wadda mutanen Benin ke kira CEDEAO, da aka sa wa hannu a Abuja a 2006, ta wajabta wa ƙasashen ƙungiyar su tsaurara mallakar ƙananan makamai ga farar hula. A Benin riƙe bindiga ba da izini ba laifi ne na ɗauri, kuma tun da hare-haren masu ɗauke da makamai suka tsallako daga Burkina Faso da Nijar, daga sace Faransawa biyu da kashe jagoransu a dajin Panjari a 2019 zuwa harin Porga a ƙarshen 2021 da abin da ya biyo baya, shingayen bincike a arewa sun daina wasa. Bahaushe ko Bafulatanin da aka samu da makami a ɓoye a hanyar Kandi ko ta Natitingu, bayanin da zai yi ya fi na kowa tsawo. Ba adalci ba ne, amma haka abin yake.

Ko an ajiye doka gefe, sai a tambaya: me ya kai ayari Salaga ya dawo da shi? Ba saurin hannun fatake ba ne. Ayarin da ya tsaya faɗa a kowane kurmi ba zai kai goro Kano da ɗanyensa ba. Abin da ya tsare su shi ne yawa, sarkin yawa kuwa ya fi sarkin ƙarfi. Ƙananan fatake kan jira a zango har a taru da yawa kafin a shiga mugun daji. Jagaba na gaba yana duba hanya, madugu ya san wane sarki ake ba kyauta, nawa ne fito a kowane mashigi, wane gari ne ake kwana, wanne ake wucewa da rana tsaka. Mai masauki a Jugu ko Paraku shi ne jaridar hanya, shi zai ce, "Madugu, kada ku bi ta can bana." Kuɗin da aka kashe a kan kyauta da fito ya fi wanda aka kashe a kan ƙarfe, kuma madugun da ake yabo shi ne wanda ya kai ya dawo takubba na cikin kube.

Ayarin jakuna ya watse bayan yaƙin basasar Salaga na 1892, da komawar goro ta teku zuwa Ikko, da isar jirgin ƙasa Kano a 1911. Paraku ta sami sabuwar rayuwa da dogon da ya taso daga Kwatano, mai tsawon kilomita 438, ya ƙare a cikinta, inda aka riƙa sauke kayan Nijar ana ɗora wa manyan motoci zuwa Malanbil da Gaya. 'Yan fashi ma sun sake kaya. Masu tare hanya na yau sukan gicciye itace ko su fito daga daji da bindigogi a hannu, galibi ranar kasuwar shanu, lokacin da suka san akwai kuɗi a aljihu. Wanda aka haska wa tocila a fuska aka ce ya kwanta, in ya kai hannu ƙugu ya kashe kansa, ya kuma jawo wa sauran fasinja. A yankin Bargu ƙungiyoyin mafarautan gargajiya da ake kira Dambanga sun yi suna wajen gadin hanyoyi da bindigoginsu na gida, kuma su ma ƙarfinsu a sanin daji da fitowa a ƙungiya yake. Direbobin da suka daɗe a hanya abin da madugai suka yi suke yi: a jira a haɗu a tafi tare, a tambayi wanda ya fito daga can, kada a yi dare a inda aka sani. Dillalan shanu da yawa kuma sun koma tura kuɗi ta waya maimakon ɗaura su a ciki.

Kube bai rasa aiki ba duk da haka. Mahauci na buƙatarsa, makiyayi na rataye da addarsa ko takobinsa a daji, maharbi na da wuƙar fiɗa, mahayin Gani na da takobin ado, kowane magidanci kuma yana neman wuƙa mai kyau in layya ta gabato. In ka sayi taka a Paraku ko Jugu, ka kai ta wurin baduku ya ɗinka mata nata, ka jira ya bushe, ka kifa ka girgiza kafin ka biya. In kuma za ka shiga mota da ita, ka sa ta cikin jaka tare da kaya, kada a same ta a jikinka a shinge.